Yadda Ake Ba da Sadaka Don Yaƙi da Wariyar Launin Fata a Amurka

Binciken da babban bankin Amurka ya gudanar kan dukiyar iyalai a 2022 ya nuna cewa matsakaicin gidan farar fata yana da dukiyar da ta kai kimanin dala 285,000, na baƙar fata kuwa dala 44,900. Wannan tazara ba lalaci ne ya kawo ta ba, dokoki ne suka gina ta: bauta har zuwa 1865, sai dokokin raba farare da baƙaƙe a jihohin kudu, sai kuma taswirorin da hukumomin lamunin gidaje suka zana a shekarun 1930, inda aka shata unguwannin baƙaƙe da jan layi, bankuna suka riƙa hana su bashin sayen gida. Sai a 1968 doka ta haramta wariya a harkar gidaje. Abin da doka ta ɓata, rabon abinci kaɗai ba ya gyara shi.

Maganar ta shafi Hausawan da ke zaune a Bronx da Chicago da Houston kai tsaye. Mai ba da hayar gida ko ɗan sandan da ya tsayar da kai ba ya tambayar ko daga Kano ka fito, ko Zangon Kumasi, ko Alabama. Amadou Diallo, wanda 'yan sanda suka harba wa harsashi 41 a ƙofar gidansu a Bronx a 1999, ɗan Gini ne.

Abu na farko da za ka yanke shi ne aikin da kake so kuɗinka ya yi, domin akwai kuɗin da ke rage raɗaɗi yau, akwai kuma wanda ke sauya ƙa'idar da ke haifar da raɗaɗin. Tarihin ƙasar yana da misalin kowanne. Daga 1912, Julius Rosenwald, shugaban kamfanin Sears, ya haɗa kai da Booker T. Washington, baƙar fata jagoran ilimi, aka fara gina wa yaran baƙaƙe makarantu a ƙauyukan kudu. Zuwa 1932 an gina kusan dubu biyar a jihohi 15. Rosenwald bai taɓa biyan kuɗin gini duka ba. Sai mutanen gari sun kawo nasu, ko kuɗi, ko fili, ko katako, ko ƙarfin jikinsu, sannan hukumar ilimi ta yankin ta amince za ta riƙe makarantar ta biya malamai. Abin da baƙaƙen suka tara da kansu ya ɗara abin da shi attajirin ya bayar. Aiki ne babba, amma makarantun sun zauna ne a cikin tsarin wariya, ba su rushe shi ba. Wanda ya rushe shi kuɗi ne kaɗan da aka zuba a shari'a. A 1930 wani asusun tallafi mai suna Garland ya yi wa ƙungiyar NAACP, mai fafutukar kare haƙƙin baƙaƙe, alkawarin dala 100,000 don ta ƙalubalanci wariya a kotuna. Tattalin arziki ya karye, abin da ya isa hannunsu bai kai ko sulusin alkawarin ba, amma da shi aka tsara dabarar da lauya Charles Hamilton Houston da almajirinsa Thurgood Marshall suka bi har Kotun Ƙoli ta soke wariya a makarantun gwamnati a 1954. Shekara 24 ke nan tsakanin alkawari da hukunci. Wanda ba zai iya jiran irin wannan ba, ya san cewa aikin shari'a ba nasa ba ne.

Ga mai dala 100 a wata, rabon da ya fi dacewa shi ne kamar haka: rabi ga ƙungiya ɗaya mai aikin shari'a ko sauya doka, irin su NAACP Legal Defense Fund da Marshall ya kafa a 1940, ko Equal Justice Initiative da Bryan Stevenson ya kafa a Montgomery ta jihar Alabama a 1989, wadda ke kare waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa da yaran da aka ɗaure ɗaurin manya. Dala 30 ga ƙaramar ƙungiya ta garin da kake, wadda za ka iya zuwa ofishinta ka ga fuskokin masu tafiyar da ita. Sauran 20 ka ajiye don abin gaggawa. Kada ka warwatsa kuɗin ga ƙungiyoyi goma, kowacce za ta kashe wani abu wajen aiko maka wasiƙun neman ƙari, kai kuma ba za ka iya bin sawun ko ɗaya ba.

Kafin ka tura ko sisi, ka nemi lambar EIN ta ƙungiyar, lamba ce mai alƙaluma tara da hukumar haraji ta IRS ke bayarwa. Da lambar za ka yi bincike, ba da suna ba. A 2020 mutane da kamfanoni sun yi ta tara gudummawa ga wata gidauniya a California saboda sunanta ya yi kama da na gangamin kare rayukan baƙaƙe na Black Lives Matter, alhali ba su da alaƙa. Shafin IRS yana da wurin binciken ƙungiyoyin da aka yafe wa haraji, shafin ProPublica da na Candid kuma suna ɗauke da fom 990, wato rahoton kuɗi na shekara. A cikin fom ɗin ka duba sashe na bakwai, inda aka jera 'yan kwamitin amintattu da albashin shugabanni, da sashe na tara, inda aka rarraba kashe kuɗi. Ka karanta na shekara uku a jere, na shekara ɗaya ba ya nuna komai. Idan kwamitin mutum uku ne kuma duk sunan gidansu ɗaya, ka yi hattara. Ƙungiyar da ta yi shekara uku a jere ba ta miƙa rahoto ba, rajistarta na faɗuwa da kanta. Masallatai da coci-coci ba a wajabta musu cike wannan fom ba, don haka rashin ganinsu a can ba laifi ba ne, sai ka nemi rahoton daga hannun kwamitinsu. Wasu ƙananan ƙungiyoyi kuma ba su da rajistar kansu, suna karɓar kuɗi ne a ƙarƙashin inuwar wata babba. Hakan halal ne a doka, ka dai tambayi sunan babbar ka bincike ta.

Wani kuskure da masu bayarwa ke yawan yi shi ne gudun ƙungiyar da albashi ya cinye kaso mai yawa na kuɗinta. A aikin shari'a, albashin lauya da mai bincike shi ne aikin kansa. Abin dubawa shi ne ƙarar da suka shigar, dokar da suka sa aka gyara, mutanen da suka fitar daga kurkuku.

Sannan ka san bambanci tsakanin rajistar 501(c)(3) da 501(c)(4), nau'o'i biyu na rajistar ƙungiyoyin da ba na riba ba a dokar haraji. Ta farko ana rage maka haraji a kan abin da ka ba ta, amma an haramta mata goyon bayan ɗan takara, an kuma taƙaita mata kamun ƙafa a majalisa. Ta biyu tana da sararin matsa wa 'yan majalisa, sai dai gudummawarka ba ta rage maka haraji. Ƙungiyoyi da yawa suna da rassa biyun, misali ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU da reshenta ACLU Foundation, saboda haka ka duba wanne ne kake tura wa. Duk kyautar da ta kai dala 250, ka karɓi takardar shaida daga ƙungiyar kafin ka cike takardun harajinka. Idan kana aiki a babban kamfani, ka tambayi ofishin ma'aikata ko suna ninka gudummawa, da yawa suna ba da dala a kan kowace dala, kuma akwai wa'adin miƙa buƙata da mutane ke mantawa. Tura kuɗi daga asusun banki ya fi kati araha, kati kan ci kusan kashi 3 cikin 100.

Abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci shi ne ka bayar ba tare da sharaɗi ba, kuma a kai a kai. Wani bincike da cibiyoyi biyu masu tallafa wa ƙungiyoyin sa kai, Echoing Green da Bridgespan, suka fitar a 2020 ya gano cewa a cikin ƙungiyoyin da suka duba, waɗanda baƙaƙe ke jagoranta suna da kuɗin da ba a ɗaure da sharaɗi ba ƙasa da na takwarorinsu farare da kashi 76 cikin 100. Ma'ana, ana ba su kuɗi amma ba a yarda da su ba, sai an faɗa musu inda za su kashe. Ko asusun Garland da aka yaba a sama, masana tarihi sun nuna cewa ya karkatar da NAACP zuwa batun makarantu a lokacin da babban abin da ke gabanta shi ne kisan gilla da gungun farare ke yi wa baƙaƙe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Lokacin da attajira MacKenzie Scott ta ba jami'ar Howard dala miliyan 40 a 2020, ta ba jami'ar Prairie View miliyan 50, dukansu jami'o'in da aka kafa domin baƙaƙe, ba ta gindaya musu sharaɗi ba. Kai mai dala 30 ma za ka iya haka: a gurbin da ake tambayar abin da za a yi da kuɗin, ka zaɓi inda aka fi buƙata, ka sa bankinka ya riƙa turawa duk wata.

Dalilin cewa a kai a kai ya fito fili bayan da ɗan sanda ya kashe George Floyd, wani baƙar fata, a Minneapolis ranar 25 ga Mayun 2020. Minnesota Freedom Fund, ƙaramin asusun biyan beli mai ma'aikata ƙalilan, ya sami sama da dala miliyan 30 cikin makonni, abin da ya fi ƙarfin tsarinsa, har ya roƙi jama'a su karkata ga wasu ƙungiyoyin. Ambaliyar kuɗi ta rana ɗaya ba ta ɗaukar ma'aikaci, domin ba wanda ya san abin da baɗi za ta kawo. Ƙaramin kuɗin da aka tabbata zai zo duk wata, da shi ake rubuta kasafi.

Beli kansa wuri ne da kuɗi ke aiki nan take. Kalief Browder yana ɗan shekara 16 aka kama shi a Bronx a 2010 bisa zargin satar jaka, iyalinsa suka kasa biyan belin dala 3,000, ya yi shekara uku a kurkukun Rikers ba a yanke masa hukunci ba, daga baya aka janye ƙarar. Asusun beli yana da wata fa'ida: idan wanda aka fitar ya halarci zaman kotu har ƙarshe, akasarin kuɗin na dawowa a sake fitar da wani. Ka dai duba dokar jiharka, domin Illinois ta soke belin kuɗi tun Satumban 2023.

Ga musulmi, a nan batun zakka ke shigowa. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa gurabe takwas, ciki har da 'yanta wuyaye da masu bashi, kuma a kan wannan ne ƙungiyar Believers Bail Out, wadda ta faro a Chicago a 2018, take tara zakka don fitar da musulmin da ke tsare kafin shari'a. Amma biyan albashin lauyoyi ko gangamin sauya doka da kuɗin zakka abu ne da malamai suka yi saɓani a kai, kuma mafi yawansu sun taƙaita zakka ga musulmi. Hanya mafi kuɓuta ita ce ka raba asusu biyu: zakka ta tafi inda malamin da ka yarda da shi ya tabbatar maka, aikin shari'a da na siyasar unguwa kuma ka yi su da sadakar ganin dama, wadda ƙofarta a buɗe take ga kowa.

Ƙungiyoyin 'yan gari da na masallaci da ke son kafa tallafin karatu ko jari su lura da sauyin da aka samu. A Yunin 2023 Kotun Ƙoli ta hana jami'o'i la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai. A 2024 kuma wata kotun ɗaukaka ƙara ta dakatar da shirin Fearless Fund na Atlanta, wanda ke ba mata baƙaƙe 'yan kasuwa tallafin dala 20,000, bisa wata dokar 1866 da ta hana wariya a kwangila, aka yi sulhu aka rufe shirin a Satumban shekarar. Saboda haka kada ku rubuta launin fata a matsayin sharaɗin cancanta kafin lauya ya duba. Ku gina sharuɗɗan a kan unguwar da mutum yake zaune, da abin da iyalinsa ke samu, da makarantar da ya fito, da ko shi ne na farko a gidansu da zai shiga jami'a. Sharuɗɗan su kasance a rubuce kafin a buɗe neman, masu tantancewa kuma kada su kasance dangin masu nema, a kuma biya kuɗin kai tsaye zuwa asusun makarantar da sunan ɗalibin.