Babi na Bakwai: Kula da Bakin Aku

Darasi na 1: Duba bakin

Bakin aku yana girma kullum kamar farcen mutum, kuma abin da yake rage tsawonsa shi ne gaigayar itace da fasa ƙwaya da goga shi a jikin reshe. Aku mai launin toka da jar wutsiya, wanda asalinsa dazuzzukan kudancin Najeriya da Kamaru da Kwango ne, yakan wuni a daji yana ɓare ɓawon itace yana cin 'ya'yan kwakwar manja. Idan aka kulle shi a kejin ƙarfe zalla, aikin ya tsaya, amma bakin yana ci gaba da tsawo.

Ku zaɓi rana ɗaya a mako, ku kai kejin inda akwai haske, ku zauna kusa ba tare da kun kama tsuntsun ba. Ku duba ko ɓangaren sama ya sauko daidai a kan na ƙasa bai karkace ba, ko akwai tsagewa, ko kafofin hanci a bushe suke, ko kuma abinci yana zubowa idan yana ci. 'Yar ɓarewa a saman baki ba cuta ba ce. Farin garin da kuke gani a bakin aku mai toka daga gashinsa yake fitowa, kuma alamar lafiya ce, kada ku goge. Haka ma ƙarar da yake yi da baki idan zai yi barci, natsuwa ce.

Darasi na 2: Shirya reshen gaigaya

A nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe, saboda haka ku karanta sannu a hankali, wanda bai gane ba ya sake karantawa, babu kunya a ciki.

Ku samo reshen gwaba ko gora, ko totuwar masara mai tsabta wadda ba ta yi fumfuna ba. Kaurin reshen ya kasance yadda idan aku ya tsaya a kai yatsunsa ba za su zagaye shi duka ba. Kafin ku sara, ku tambayi mai bishiyar ko an yi mata feshin maganin ƙwari. Idan an yi, ko kuma bai tabbata ba, ku bar ta. Kada ku ɗebo guntayen katako a wurin kafinta, domin sau da yawa an shafa musu fenti ko maganin gara.

Idan kun kawo reshen gida, kada ku sa shi a keji. Ku wanke shi da ruwa mai tsabta da burushi, ku cuɗa har kashin tsuntsayen waje da ƙura su fita, sannan ku shanya shi a rana kwana biyu ko uku har ya bushe ƙarau. Bayan ya bushe ne kawai zai shiga keji. Dalili kuwa, kashin tsuntsaye yana ɗauke da cuta, danshi kuma yana kawo fumfuna, ita kuwa fumfuna tana kama huhun aku, kuma maganinta yana da wuya.

Mu maimaita: a tambaya, a wanke, a shanya, sannan a sa. Wanda ya wanke bai shanya ba, bai gama ba. Wanda ya shanya bai wanke ba, shi ma bai gama ba, domin rana ba ta cire datti. Da damina, idan babu rana sosai, ku ƙara kwanaki, ku kankare ɓawon kaɗan da farce. Idan akwai laima a ƙarƙashin ɓawon, ku mayar da shi shanya. Duk mai iya wanke tukunya zai iya wannan, haƙuri kawai yake buƙata.

Amma wasunku, duk da wannan bayani, sai su karyo reshe a bakin titi, da ƙura da hayaƙin mota, su cusa a keji nan take, su ce ai a daji ba mai wanke masa. A daji ba mai feshi, kuma ba a kulle yake da reshe ɗaya ba. Wannan ganda ce, ba rashin sani ba, tunda an faɗa muku. Aku yana iya kai shekara 40 ko fiye a hannun mai kula, to mene ne kwana uku? Idan ya ragargaza reshen, kada ku yi fushi, aikinsa ke nan. Ku kawo wani, shi ma a wanke, a shanya, sannan a sa.

Darasi na 3: Abinci

Gyaɗa zalla tana tara wa aku kitse a hanta, ciwon hanta kuma yana sa baki ya yi tsawo fiye da kima. Ku rage ta, kuma wadda ta yi fumfuna guba ce, ku zubar. Ku ba shi karas da gwanda da kabewa da mangwaro, domin suna da sinadarin bitamin A da baki da hanci suke buƙata. Kada ku ba shi goro, ko shayi, ko cakulan, ko piya. Ku kuma hana shi gaigayar waya mai tsatsa da makulli da fentin keji.

Darasi na 4: Idan baki ya yi tsawo

Kada ku yanke shi da reza ko almakashi, domin akwai jijiyar jini a ciki. Ku kai shi wurin likitan dabbobi. Idan bakin ya fashe yana jini, ku danna garin sitaci a wurin da yatsa, ku tafi asibitin dabbobi a ranar.

Darasi na 5: Aiki

Kowa ya shirya reshe ɗaya ya zo da shi aji mako mai zuwa, a bushe.