Kwana a fadama da ƙananan yara: kurakuran da aka fi yi

Da aikin shinkafar rani ya kankama a fadamun Argungu, Augie da Suru a jihar Kebbi, gidaje da yawa kan kwashi tabarmi da tukwane su tare a gona. A kafa bukka ko a ɗaura tamfol, a yi mako biyu ko uku ba a leƙa gari ba. Mai goyo ba ta da wanda za ta bar wa jinjiri, ga kuma ɗan yaye yana riƙe da bakin zaninta. Na lura duk tsoronmu yana kan maciji da kunama, alhali yawancin abin da ke cutar da yaro a can, ko dai mu muka ɗauko shi daga gida, ko kuma mu muka baro maganinsa a gida.

Na farko a cikin abin da ake barowa shi ne gidan sauro. Sai ka ji an ce ai rani ne, babu sauro. A cikin gari wataƙila, amma ruwan da ke kwance a gindin shinkafa nan ne matattararsa. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya nuna yara 49 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar a Kebbi suna ɗauke da ƙwayar cutar, babu jihar da ta kai mu. Rashin bango ba hujja ba ne: sanduna huɗu da igiya sun isa, a cusa bakin ragar ƙarƙashin tabarma ta kowane gefe. Allurar rigakafin zazzaɓin da aka fara yi a Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024 tana taimakawa, amma ba ta maye gurbin raga ba.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne robar lemo. Fetur na injin ban ruwa a cikinta ake zubawa, haka kalanzir, haka ragowar maganin feshi, sannan a jingine ta a bakin bukka. Yaro ɗan shekara biyu ya san robar nan da zaƙi, bai san karatu ba. Na taɓa ganin yarinya ta kafa kai a irinta, kafin a fizge ta haɗiyi kalanzir. Kakarta ta ɗaga murya: “A kawo manja! A sa mata yatsa ta amayar!” Mijin 'yarta ya durƙusa ya ce, “Inna, ki yi haƙuri, asibiti za mu.” Shi ya yi daidai. In aka tilasta amai, man kan koma cikin huhu, kuma can ne ɓarnarsa take. Kada a ɗura wa yaro komai, a tafi da shi tare da robar don ma'aikatan lafiya su ga abin da ya sha. Tun farko dai a bar kowane magani a mazubinsa, a rataye shi sama, nesa da abinci.

Sai wuta. In sanyin hunturu ya sauko da asuba, akan shigo da kaskon gawayi a toshe ko'ina. Iskar gubar da garwashi ke fitarwa ba ta da wari, barci kawai take ƙara wa mutum, kuma jinjiri ne ke fara galabaita. A bar kaskon a waje, a sa wa yaro hula da safa da riga biyu. Injin ma kada a tayar da shi dab da wurin kwana.

Ruwan gulbi ko na rami, komai garai ɗinsa, a tafasa kafin yaro ya sha. Jinjirin da bai kai wata 6 ba kuwa nono ya ishe shi ko a zafin Afrilu, uwar ce za ta yawaita sha. A jefa ƙullin ORS (haɗin gishiri da sukari) da ƙwayar zinc a jaka saboda gudawa. In babu, lita 1 ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanka a ruwan da ke tsaye kuma shi ke kawo tsargiya.

Akwai kuskuren da ba a ɗauka kuskure ba, wato “ai kowa na gani”. Ana tsakiyar yanka da bugu, ka tambaya ina yaron, a ce yana wajen yayarsa, yayar kuwa shekararta shida. Ruwan da bai kai gwiwa ba yana iya cin mai rarrafe, kuma ba a jin kukansa. A ambaci babba guda a ce yau kai ne, in zai tashi ya danƙa wa wani hannu da hannu.

Macijin da ake tsoro, in ya yi sara, kada a ɗaure, kada a tsaga, kada a tsotse. A hana yaron motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti. Tun ranar da aka sauka a san wa ke da babur a kusa, a karɓi lambarsa, a kuma bar waya ɗaya da caji da dare.