Darasi na 9: Ƙunshin da Ba a San Cikinsa Ba

Karanta wannan ɗan labari na misali a hankali. Inda ka ci karo da kalma mai wuya, ja mata layi, za mu dawo kanta.

Wani saurayi yana aikin dare, barci na damunsa. Sai abokin aikinsa ya miƙo masa ɗan ƙunshin leda, a ciki akwai farin gari kamar gishiri. Ya ce, "Abokina, gwada wannan. Ba ƙwaya ba ce, ko an gwada fitsarinka ba za a ga komai ba." Saurayi ya shaƙa. Gajiya ta tafi, baki ya buɗe, ya yi aikin mutum biyu. Da ta sake shi sai ya ƙara. Kwana biyu bai runtsa ba, bai sa komai a cikinsa ba. A rana ta uku yayarsa ta same shi rakuɓe a bayan ƙofa, ya tuɓe riga, gumi na tsiyaya, yana cizon haƙora. Ya ce, "Yaya, kashe fitila, ga su nan suna leƙe ta taga." Ta duba, ba kowa. Ta ce, "Ƙanena, ni ce, ba wanda zai taɓa ka." Da ta ɗora hannu a goshinsa sai ta ji kamar garwashi.

Me ya shaƙa?

Shi kansa bai sani ba. Abokin da ya ba shi ma bai sani ba, kuma da wuya dilan da ya sayar ya sani. Wannan shi ne kan darasinmu.

Akwai wani ganye da ake kira kat, ana tauna shi a Yaman da Habasha da Somaliya. A cikinsa akwai sinadari mai suna katinon, mai kore barci da sa kuzari. Masu haɗa ƙwaya a ɓoye suna kwaikwayon wannan sinadari a ɗakin haɗe-haɗe, su fito da wanda ya fi na ganyen ƙarfi nesa ba kusa ba. Daga cikinsu akwai mefedron, da metilon, da MDPV, da alfa-PVP. Aikinsu a jiki ya yi kama da na hodar iblis, har ma bincike ya nuna MDPV ta ninka hodar iblis ƙarfi aƙalla sau 10. Suna zuwa a gari, ko ƙwaya, ko 'yan duwatsu kamar fasasshen gilashi. Wasu na haɗiya, wasu na shaƙa, wasu na zuƙar hayaƙinsu, wasu kuma allura suke yi.

A jikin ledar sai ka ga an rubuta "gishirin wanka" ko "takin fure", a ƙasa kuma a ƙara da "ba na sha ba ne". Babu wanda ya taɓa wanka da shi. An rubuta haka ne kawai don a kauce wa doka.

Wasan ɓuya da doka

Doka takan hana ƙwaya ne da sunanta. To sai masu haɗawa su sauya ɗan wani abu kaɗan a sinadarin, ya zama sabo, mai sabon suna, wanda doka ba ta ambata ba. Ingila ta haramta mefedron a watan Afrilun 2010. Nan da nan sai ga wata a kasuwa mai suna NRG-1, ana cewa halastacciya ce. Da masana suka sayo ledoji suka gwada, sai suka tarar da yawa daga ciki ba abin da aka rubuta ke ciki ba, wasu ma haramtattun da aka hana ne aka sauya wa riga.

Amurka ta hana mefedron da metilon da MDPV a watan Oktoban 2011. Bayansu sai alfa-PVP ta ɓulla, wadda a titi ake kira Flakka, ta yi ta'adi a jihar Florida a shekarun 2014 da 2015, gomman mutane suka mutu. A watan Oktoban 2015 ƙasar Sin, inda ake haɗa da yawa daga cikinsu, ta haramta sinadarai 116 a lokaci guda. Ingila kuwa da ta gaji da bin su ɗaya bayan ɗaya, a 2016 ta yi dokar da ta haɗe su duka. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙidaya sababbin sinadarai irin waɗannan, masu sa kuzari da sauran iri, fiye da 1,000.

Ka lura da abu ɗaya a nan. Maganin asibiti sai an yi shekaru ana gwada shi kafin a ba marar lafiya, an san awonsa, an san illarsa. Waɗannan kuwa ba a yi musu irin wannan gwaji ba kafin su shiga kasuwa, mai shan shi ne zakaran gwajin dafi. Ledar da ya saya yau da wadda zai saya gobe suna iya zama launi ɗaya, suna ɗaya, amma ta gobe ta ninka ta yau ƙarfi. Shi ya sa ni ba na yarda da mai cewa "na san awona". Awon me? Cinikin biri a sama ne kawai.

Abin da take yi a jiki

Ƙwaƙwalwa tana da wasu sinadarai nata na jin daɗi da na kuzari, tana sakin su kaɗan-kaɗan gwargwadon bukata. Ƙwayar tana sa su taru su yi ambaliya. Ke nan ƙarfin da mai sha ke ji ba daga leda ya fito ba, ajiyar jikinsa ce ake wawushewa. Zuciya ta kama gudu, jini ya hau, hanyoyin jini su tsuke. Daga nan ne ake samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, ko da mutum matashi ne mai jini a jika.

Wanda ya fi saurin kisa shi ne zafin jiki. Zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne. Na wanda ƙwayar ta yi wa yawa yakan haura 40. Shi ya sa za ka ga yana yage tufafinsa. Mutane su ce hauka ne, alhali ƙonewa yake yi daga ciki. A irin wannan zafi naman jiki yana lalacewa, dattinsa ya bi jini ya toshe ƙoda. Idan fitsari ya koma baƙi-baƙi ko ya ɗauke, ƙoda ta shiga haɗari.

Sai kuma hankali. Rashin barci da ƙwaya idan suka haɗu, mutum ya fara zargin kowa, ya ji muryoyi, ya ga abin da babu. Wani ya ji kamar ƙwari na yawo ƙarƙashin fatarsa, ya yi ta susa har ya ji wa kansa ciwo. Masu sha da kansu suna da magana a kan haka, sukan ce ƙwaya ta gaya masa ƙarya. Idan ta sake shi kuma sai kasala da baƙin ciki su rufe shi kwana da kwanaki, har wani ya fara tunanin kashe kansa. Don gudun wannan hali yake komawa ya ƙara, daga nan ta zama jaraba.

Haɗa ta da giya ko tiramadol yana ƙara haɗarin jijjiga. Masu allura kuma, da yake tana saurin saki, suna yi sau da yawa a rana, suna karɓa-karɓa da sirinji ɗaya. A birnin Dublin na ƙasar Ireland, a 2015, an samu ɓarkewar cutar ƙanjamau a tsakanin marasa matsuguni masu allurar alfa-PVP.

Idan ka tarar da mutum a wannan hali

Mu koma wurin yayar nan. Abu na farko, ta kira motar asibiti ko ta nemi wanda zai taimaka a kai shi asibiti, kada ta tsaya jiran ya huce. Kafin taimako ya zo, ta rage hayaniya, ta sallami 'yan kallo, ta yi masa magana a hankali tana kiran sunansa. Kada ta yi gardama da shi kan mutanen da yake gani a taga. Ta ce masa kawai tana tare da shi. Ta kawar da wuƙa da duk abin da zai iya ji wa wani ciwo, ita ma ta tsaya kusa da ƙofa.

A sanyaya jikinsa: a jiƙa tsumma da ruwan sanyi a sa masa a wuya da hammata, a yi masa fifita. In yana cikin hayyacinsa a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, ba ɗura ba. Kada a sa shi amai da gangan. In ya faɗi yana jijjiga, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki. In ya suma amma yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe.

Kuskuren da aka fi yi, kuma da kyakkyawar niyya ake yin sa, shi ne ƙarti su taru su danne shi rub da ciki, ko a ɗaure shi da igiya. Kokawar tana ƙara zafin jiki, dannewar kuma tana hana numfashi. An rasa rayuka ta haka.

A tafi asibiti da ledar ko ragowar garin, a gaya wa likita gaskiya: me ya sha, yaushe, da me ya haɗa. Gwajin fitsari na yau da kullum ba ya nuna yawancin waɗannan ƙwayoyi, wato abin da abokin nan ya yi talla da shi shi ne ke ɓata wa likita lokaci. Ba su da makari. Likita zai ba da maganin kwantar da jiki, ya sauke zafi, ya ƙara ruwa, ya sa ido kan zuciya da ƙoda. Bayan an sallame shi, makonnin farko su ne masu wuya, ga yawan barci, ga ƙunci, ga kwaɗayin komawa. A lokacin yake bukatar likitan ƙwaƙwalwa ko cibiyar masu barin shaye-shaye, da wani na jiki da ba zai bar shi shi kaɗai ba.

Aikin aji

Rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku, ka sa kowacce a jimla: sinadari, jijjiga, jaraba, makari.

Amsa da baki: Me ya sa ake rubuta "ba na sha ba ne" a jikin ledar? Zafin jikin mai lafiya digiri nawa ne? Me ya sa ba a danne wanda ƙwaya ta gigita?

Ku zauna bibbiyu. Ɗaya ya zama abokin da ya miƙo ƙunshi, ɗayan ya ƙi karɓa ba tare da an yi faɗa ba. Sai ku yi musanya.

Kafin zama na gaba, kowa ya nemo lambar kiran gaggawa ta inda yake zaune, ya rubuta ta da manyan lambobi a bangon littafinsa.