Yadda Ake Tarbar Wanda Ya Gama Zaman Gidan Yari

Shirin tarbar ɗan'uwan da ke gidan yari ya kamata ya fara watanni kafin ranar sallamarsa, domin farkon fitowa shi ne lokacin da ƙafa ta fi saurin zamewa. A wani binciken ma'aikatar shari'a ta Amurka kan fursunonin da aka saki a jihohi 30 a shekarar 2005, an sake kama kashi 44 cikin ɗari tun shekara ba ta zagayo ba.

A fara tsayar da wurin kwana, a kuma faɗa masa tun yana ciki wanda zai zo ɗaukarsa da inda zai sauka. Daga nan sai takardu. Dokokin Nelson Mandela, wato ƙa'idojin kula da fursunoni waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, sun tanadi a doka ta 108 cewa a sama wa wanda aka saki takardun shaida da sutura da guzurin da zai kai shi inda ya nufa, saboda haka kada iyali su ji nauyin tambayar hukuma waɗannan abubuwa. Idan sakin na da sharuɗɗa, kamar kai kansa wurin jami'i a ranakun da aka yanka masa, a rubuta ranakun a inda kowa zai gani, don mantuwar rana guda tana iya mayar da shi.

A ganina lafiya ce aka fi yi wa sakaci, alhali ita ce ke ɗaukar rai. Wanda ya taɓa shan ƙwaya, jikinsa ya daina jure adadin da ya saba sha kafin ɗauri, kuma idan ya koma wa wannan adadi a makonni biyun farko, mutuwa na iya biyo baya. A faɗa masa wannan ƙarara ba tare da zargi ba. A kai shi asibiti cikin makon farko a duba tarin fuka, cutar da cunkoso ke yaɗawa, kuma idan ya riga ya fara magani, a tabbata ya cika watanni shida ɗin da aka saba ɗiba, domin yankewa a tsakiya kan sa cutar ta daina jin magani.

Game da aiki, gara a saya masa kayan sana'ar da ya iya da a danƙa masa tsabar kuɗi. Wani mai mutunci a cikin dangi ya raka shi wurin mai ɗaukar aiki ya tsaya masa, shi kuma ya koyi bayyana abin da ya faru a jimla biyu ko uku na gaskiya, tun da abin da aka ɓoye yakan fito daga bakin wasu.

Akwai wani abu da masu gida ba su cika fahimta ba. Mutumin da ya yi shekaru ana faɗa masa lokacin tashi da na ci da na kwanciya, zai iya ruɗewa idan aka ce ya zaɓi abu da kansa, ko ya firgita da ƙarar ƙofa, ko ya kasa barci. A ba shi ƙananan ayyukan gida masu lokaci, a riƙa ƙara masa amana kaɗan-kaɗan, kuma a hana yara da manya kiransa da sunan laifinsa.

Wanda aka zalunta kuwa, kada a matsa masa ya yafe. Idan laifin a kan wani ɗan gidan aka yi shi, musamman mace ko yaro, to a nema wa mai dawowar masauki a wani wuri dabam, dangi su riƙa kai masa ziyara can.