Yadda zaka zana FSS mai tace igiyoyin rediyo

Toh FSS (Frequency Selective Surface) dai faranti ne da aka jera masa ƙananan zane na jan ƙarfe iri ɗaya suna maimaita kansu, aikinsa kamar rariya, wani firikwensi (yawan kaɗawar igiya a daƙiƙa) ya wuce wani ya dawo baya. Ƙofar na'urar maikrowef ma haka take, ramukan nan ƙanana suna tare igiyar 2.45 GHz (GHz ɗaya kaɗawa biliyan ɗaya ce a daƙiƙa) amma haske na wucewa shi yasa kake hango abincinka.

Farko ka yanke shawara, tarewa kake so ko wucewa? In tarewa ce sai ka zana guntayen ƙarfe a kan allo, in kuma so kake firikwensin ya wuce sai ka bar ƙarfen duka ka yanke ramuka a ciki masu wannan siffar.

Sai lissafi. Raba gudun haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa, da firikwensinka, a 2.4 GHz tsawon zangon, wato tsawon igiya guda, zai baka santimita 12.5. In sanda zaka yi to tsawonta rabin wannan ne, in zobe mai kusurwa huɗu ne kewayensa ya kai kusan zango ɗaya. Ni gaskiya zoben nake ba mai farawa shawara, saboda sanda da zarar igiyar ta zo a karkace ko ta juya fuska sai aikinta ya lalace, shi kuwa zobe yana jurewa sosai. Kuma ka matse su, tazarar maimaituwa kar ta wuce rabin zango in ba haka ba ƙarfin zai iya watsewa ta wasu ɓangarori da baka nema ba.

Inda mutane ke shan mamaki shine allon kansa. FR4, wato allon da aka saba yin da'irar lantarki a kai, lambarsa ta dielectric (ma'aunin yadda yake rage gudun igiya) wajen 4.4 ce, yana jan firikwensin ƙasa, wato dole zanenka ya ƙanƙance fiye da lissafin farko, kuma yana cin sigina in firikwensin ya haura sama sosai, a nan sai ka koma allunan kamfanin Rogers.

A manhajar gwajin zane a kwamfuta kamar CST ko HFSS ba sai ka zana farantin duka ba, gida ɗaya ya isa ka saka masa iyaka mai maimaituwa da tashar Floquet, wato inda igiyar gwaji ke shiga da fita. Duba jadawalin S21, wanda ke nuna yawan siginar da ta ratsa farantin, sannan don Allah kar ka tsaya a digiri 0 inda igiyar ke zuwa kai tsaye, gwada karkacewar 30 da 45 a fuskokin igiya biyu, TE da TM duka. In ramin jadawalin, wato firikwensin da aka tare, bai gusa da yawa ba sai ka buga allon, ka ajiye shi tsakanin eriya biyu masu bakin ƙaho ka auna da VNA, na'urar auna siginar da ta wuce da wadda ta dawo.