Yadda nake yi da ruwan wankin bidunan manja

Kwakwar manja ba ta yi a ƙasarmu Nijar. Manjan da nake sarowa daga kudancin Najeriya yake fitowa, Edo da Akwa Ibom, ya biyo ta Jibiya da Ɗan Isa ya sauka Maraɗi. Amma dattinsa na ƙarshe a ƙofar shagona yake tsayawa, domin kowane mako ina wanke bido mai lita 25 sun kai talatin.

Da can a kwata nake tuttular da ruwan. Wata damina kwatar ta toshe da daskararren mai, ruwa ya koma gidan maƙwabciyata. Ta ce, "Alhaji, ribar taka ce ta shigo mana har ɗaka?" Kunya ta hana ni amsawa.

Dabarar da nake bi yanzu a kudu na gan ta, wajen masu matsar manja. Ruwan da ke fita daga injinsu zafi gare shi da tsami, kalar ƙasa-ƙasa, in ya shiga rafi sai ya cinye iskar da kifi ke shaƙa. Masu hankalinsu sukan bi da shi tafki bayan tafki, ya huce, a kwashe mai, laka ta kwanta. A Malesiya har rufe tafkin ake yi a tara iskar gas ɗin da ke tashi a yi wuta da ita. Ni dai tawa ƙarama ce, ganga biyu da rami.

Kafin ruwa ya taɓa bido, kife shi cikin roba a rana tun hantsi har la'asar. Abin da zai tsiyaye manja ne mai kyau, na sayarwa. Sannan ka zuba ruwan zafi kamar lita biyu da toka, ka girgiza, ka juye a gangar farko. Kada ka cika omo, domin yana haɗe mai da ruwa su ƙi rabuwa, aikin duka ya ɓaci.

Bar gangar ta kwana. Da safe mai ya taso sama, lokacin hunturu ma ya daskare, da ludayi za ka yaɗe shi. Wannan ba na ci ba ne, ko wa ya taya. Mata masu sabulun soda nake ba. Ruwan tsakiya ka tsiyaye shi a ganga ta biyu, ya ƙara kwana, sannan ya tafi rami mai tsakuwa da yashi, nesa da rijiya, aƙalla mita 30.

Lakar gindin ganga kuwa ina cakuɗa ta da ɓawon gyaɗa da kashin awaki, in riƙa juyawa har wata uku. Ɗanyarta na ƙona shuka, na gwada a kan tumatir na gani. Wadda ta ruɓe ƙanena ke ɗauka a amalanke zuwa garkarsa a bakin Gulbi.