Tsohon babur a ƙura da zafin Sudan: yadda za ka gyara shi a tsakar gida

Duk wanda ke da tsohon babur a Gadarif ko Kasala ko Maiwurno ya san halin da ake ciki, tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 isbirat, wato kayan gyara, suka yi tsada, wani abin ma sai ka zaga mantiga, unguwar makanikai da masu sayar da kayan gyara, gaba ɗaya ba ka samu ba, makaniki kuma kafin ya taɓa sifana ya faɗa maka kuɗin da zai sa ka zauna. Toh mafi yawan abin da ke damun baburan nan kai ma za ka iya yi a ƙarƙashin rakuba, wato rumfar tsakar gida, in dai kana da haƙuri. Ina magana ne kan Honda CG125 da 'ya'yanta na Chana masu 125 da 150, don su suka cika gari, kuma injinsu kusan ɗaya ne ko da sunan da ke jikin tanki ya bambanta. Honda ta fito da shi a 1975, kuma da gangan aka ƙera shi don ƙasashen da mutane ba sa yi wa inji sabis a kan lokaci, shi ya sa yake da taurin rai.

A ƙasar nan abu uku ke kashe babur, ƙura da zafi da gurɓataccen fetur. Duk gyaran da ba ɗaya daga cikin ukun nan yake magancewa ba, bari sai ƙarshe.

Kayan aiki ba su da yawa: sifana 8, 10, 12, 14, 17 da 24, sifanar filogi, sukudireba mai baki ɗaya da mai kuros, filaya, ma'aunin bawul irin mai siraran ƙarafa, kananzir kaɗan, tsumma da tsohon buroshin haƙori. Ka shimfiɗa buhu ko tsohuwar tabarma kafin ka kwance komai, don noti in ya faɗa cikin rairayi sai dai ka yi masa addu'a. Ka ɗauki hoto da waya kafin ka cire kowane abu. Sannan dan Allah ka yi nesa da inda ake hura gawayin dafa jabana, wato gahawa, fetur ba ya jiran wuta ta taɓa shi, tururinsa kaɗai ya isa.

Fara da filogi, shi zai gaya maka labarin cikin injin. In ka kwance ka ga bakinsa ruwan ƙasa-ƙasa a bushe, injin lafiya yake. In baƙi ne mai toka-toka, fetur ya fi iska yawa, kuma galibi matatar iska ce ta toshe. In baƙi ne mai maiƙo, bakin mai na hayewa sama, ringi ya gaji. In kuwa fari ne fat kamar an wanke shi, wannan shi ne mai haɗari, iska ta yi yawa injin na cin wuta fiye da ƙima, a zafin Afrilu da Mayu da ake haura digiri 40 haka ake ƙona fiston. Filogin da ya dace da shi D8EA ne, tazarar bakinsa 0.6 zuwa 0.7 na milimita.

Daga nan sai matatar iska, kuma a nan nake so ka daɗe. Buɗe akwatin da ke gefe ƙarƙashin sirdi, in soso ne ka wanke shi da kananzir, ka matse shi a tafin hannu amma kar ka murɗe shi kamar wanki don yagewa zai yi, ka shanya a inuwa ya bushe, sannan ka ɗiga masa bakin mai ka mulmula har ya ratsa ko'ina ka matse rarar. Mutane da yawa suna mayar da shi a bushe wai don babur ya yi numfashi, alhali man nan shi ke kama ƙurar, busasshen soso ƙura ratsa shi take ta wuce. In na takarda ne ba a wanke shi, kaɗe shi za ka yi, in ya yi baƙi ka canza. Bayan nan ka duba robar da ta haɗa akwatin da kabureta, ka lanƙwasa ta da yatsa ka gani, rana tana busar da ita ta tsattsage ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa, kuma ta wannan 'yar tsagar rairayi ke shiga kai tsaye yana goge silinda a hankali har wata rana ka ga hayaƙi shuɗi na bin ka. Duk ranar da habub, guguwar ƙurar nan, ya taso ya same ka a hanya, washegari ka buɗe akwatin nan ko da jiya ka wanke.

Sai fetur. Wanda ake saya a jarka bakin hanya Allah kaɗai Ya san abin da ke ciki, wani da ruwa wani da ƙasa wani ma an sirka shi. Ka zuba kaɗan a farar kwalba ka ajiye 'yan mintoci, in akwai ruwa za ka gan shi ya kwanta a ƙasa. Ka riƙa tacewa da kyalle mai tsabta lokacin zubawa, kuma ka sayi 'yar matatar fetur ta roba mai haske ka yanka tiyo tsakanin tanki da kabureta ka saka ta, kibiyar jikinta na kallon kabureta. A ganina duk cikin canje-canjen da ake yi wa babur babu mai arha da amfani kamar wannan. In tankin ya yi tsatsa a ciki, cire shi ka juye fetur ɗin, ka zuba ruwan khal (vinegar) ya kwana, ka jefa notuna kamar cikin hannu guda ka girgiza sosai, ka ɗauraye da ruwa mai ɗan bikarbonat, ka shanya a rana ya bushe ƙarau sannan ka zuba fetur nan take, in ka bar shi fanko tsatsar dawowa take. Ka ƙirga notunan da ka zuba don su fito cif.

Kabureta ba abin tsoro ba ce. Rufe famfon fetur, kwance ta, cire kofin ƙasa, za ka ga jet guda biyu na tagulla masu ɗan ramin da fetur ke bi, babba da ƙarami. Ƙaramin shi ke riƙe silo, kuma shi ne ke toshewa har babur ya riƙa mutuwa da zarar ka saki totur. Ka ɗaga shi sama ka leƙa ta rana, in ba ka ga haske zagaye ba a toshe yake, ka jiƙa shi ka hura da famfon taya, in ya ƙi ka zare silin wayar wuta guda ɗaya na jan ƙarfe ka zura a hankali. Kar ka sa allura, tana faɗaɗa ramin, daga nan shan mai ya ƙaru shikenan. Wajen mayarwa, sukurun jikin kabureta da ke daidaita sirkin iska da fetur ka ɗaure shi a hankali har ya tsaya, banda ƙarfi, ka dawo da shi baya zagaye ɗaya da rabi zuwa biyu, ka tada inji ya yi zafi, sannan ka riƙa juyawa kaɗan-kaɗan kana saurare har inda ƙarar ta fi daidaita.

Bakin mai kusan lita ɗaya yake ci, ka nemi 20W-50 na babur wanda aka rubuta JASO MA a jikinsa, saboda kulocin babur cikin man yake wanka, wasu mayukan mota kuma suna sa shi santsi ka ja totur inji na ihu babur ba ya gaba. Ni dai a wannan ƙurar ba na son a wuce kilomita 1000 ba a juye ba. A gefen hagu ta ƙasa akwai babban murfi na sifana 24, bayansa sifirin ne da 'yar raga, ka wanke ragar duk juyi. Akwai kuma wata matatar da yawancin masu babur ba su ma san da ita ba, tana bayan murfin kuloci a dama, wani ɗan kofi ne mai juyawa da sukuru uku, in ka buɗe na tsohon babur za ka tarar da baƙin datti ya daskare a ciki sai an kankare da sukudireba. Ka tanadi sabon gasket kafin ka buɗe wannan gefen. Tsohon man kuma kar a zuba shi a kwalbar lemo a ajiye inda yara ke wasa.

Bawul ana saita shi ne da sassafe inji na sanyi. Cire murfin kai, juya magneto har alamar T ta zo daidai da tsagar jikin inji, ka taɓa 'yan sandunan nan biyu da ke danna bawul ka ji duka suna ɗan motsi, in ba sa motsi ka ƙara zagaye guda cikakke. Tazarar 0.08 na milimita ce duka biyun, ma'aunin ya shiga yana ɗan ja. Wasu makanikai suna matse shi don mai babur ya ji inji ya yi shiru ya ji daɗi, amma bawul mai 'yar ƙara ya fi wanda aka matse, matsattsen ba ya rufuwa sosai in inji ya ɗau zafi, sai wuyar tashi da ƙonewa.

Cen ka bar masa sassauci kamar santimita 2 a tsakiya, kar ka shafa masa giris don rairayi yake kwasa, ɗan man giya kaɗan ya isa, kuma murfin cen ɗin da samari ke cirewa wai don kyau ka mayar da abinka. In haƙoran sifiroket sun yi tsini sun karkata, canza su biyun tare da cen lokaci ɗaya. Da damina laka mai danƙo ta Gadarif tana cika tsakanin fikafikan silinda, kuma iska ce kaɗai ke sanyaya injin nan, ka jira ya huce ka kankare ka wanke. Masu bin hanyoyin gona wajen Gash a yankin Kasala inda ƙayar miskit ta yi yawa, ku tsaga tsohon tub ku shimfiɗa cikin taya kafin sabon, yana rage zuwa wajen mai banshar, wato mai facin taya.

Toh yanzu canje-canje. In kaya kake ɗauka, buhun dawa ko ridi ko jarkokin ruwa, ka rage haƙori ɗaya a sifiroket na gaba, gudu zai ɗan ragu amma zai ja kaya ba tare da kana ƙona kuloci ba. In doguwar kwalta kake bi ka ƙara ɗaya. Kariyar ɗora kaya ta baya in za a yi maka walda a ɗaure ta jikin firam, kuma kar ta yi tsawo baya sosai don gaban babur sai ya riƙa yin sama. Fitilar LED na da kyau amma ka fara dubawa, in fitilarka ba ta kamawa sai inji ya tashi kuma haskenta na ƙaruwa da totur, wutar magneto take sha kai tsaye, ka nemi ƙwan da aka rubuta AC/DC in ba haka ba zai riƙa ƙyaftawa ya mutu. Cajar waya kuwa yanzu dole ce, wuta ba ta tsayawa kuma ciniki ya koma Bankak, manhajar banki ta waya, a tsarin wayoyin Honda ja daga batir yake, kore shi ne na jiki, baƙi kuma ba ya kawo wuta sai an murɗa makulli, toh a baƙin za ka haɗa, ka sa ɗan fiyus a tsakani, don in ka haɗa kai tsaye da batir zai tsotse shi cikin dare. Baburan Chana wani lokaci suna sauya kala, ka gwada da ƙwan fitila kafin ka yanka. Ruwan batir ma zafi na ƙafar da shi, ka riƙa leƙawa kana cikawa da tataccen ruwan da ake sayarwa don batir, ba asid ba, banda na famfo.

Abin da ba na goyon baya shi ne fasa salansa da cire akwatin iska a maƙala 'yar matatar nan mai kama da mazurari, ƙara kawai za ka samu da fushin maƙwabta, injin kuma ya koma shan ƙura da farin filogi. Mayar da 125 zuwa 150 ma ana yi, fiston ya tashi daga milimita 56.5 zuwa 62, amma sau da yawa sai an faɗaɗa bakin inji a wajen mai injin gyaran ƙarfe, a sake jet, zafi kuma ya ƙaru, wannan ba aikin tsakar gida ba ne. In hayaƙi ne ya dame ka, sabon ringi ko fiston daidai da girman silindarka ya wadatar, sai ka lallaɓa shi kilomita 500 na farko ba gudu ba lodi mai nauyi, ka juye mai da wuri bayan nan.